Hanyoyin keke na Ruwanda: Mai dakon dankali ya riga baƙo hawa

Duk wanda ya bi titin da ya tashi daga Musanze zuwa Rubavu, a arewa maso yammacin Ruwanda, da sassafe, zai ga mahaya keke iri biyu a kan kwalta ɗaya.

Na farko baƙo ne daga Turai ko Amurka, ko ɗan wasan da ya fito atisaye. Kekensa bai kai nauyin kilo 10 ba, yana da giya hawa-hawa, kansa da hular kwano. Wani lokaci har da mota a bayansa ɗauke da ruwan sha da tayar canji.

Na biyu ɗan ƙauye ne a kan tsohon keken ƙarfe marar giya. Ya ɗaure buhunan dankalin turawa a kariya, ko gawayi, ko jarkokin madara, ko kuma ya goyo fasinja. Idan tudu ya yi tsauri sai ya sauka ya tura. Idan gangara ta zo sai ya saki keken, ya bar sauran ga birki da kuma Allah.

Hoton na farkon ake bugawa a tallace-tallacen yawon buɗe ido. Amma na biyun shi ne mai hanya. Shi ya riga kowa hawanta, daga cikin irinsa aka samo 'yan tseren da suka fito da sunan ƙasar, kuma shi zai ci gaba da bin ta bayan baƙi sun tafi. Don haka ba da yawan baƙi ko girman gasa ya kamata a auna nasarar waɗannan hanyoyi ba. Ma'aunin shi ne ko mai dakon dankali yana komawa gida lafiya, da kuma abin da yake komawa da shi a aljihu.

Yadda hanyar take

Ruwanda ƙaramar ƙasa ce, faɗinta bai wuce murabba'in kilomita 26,338 ba, amma tana ɗauke da mutum sama da miliyan 13. Ana yi mata kirari da ƙasar tuddai dubu, kuma ba zuƙi ta malle ba ne. Da wuya mai keke ya samu shimfiɗaɗɗen wuri mai tsawo a yammacin ƙasar. Ko dai yana hawa, ko yana gangarawa.

Wanda ya tashi daga Kigali, babban birnin ƙasar, tun daga bakin gari zai fara hawan tudun Shyorongi. Bayan tafiyar kusan kilomita 100 zai isa Musanze, garin da ke gindin tsaunukan Virunga masu aman wuta. Mafi tsawo a cikinsu shi ne Karisimbi, mai mita 4,507.

Kusa da Musanze akwai tagwayen tafkuna, Burera da Ruhondo. Burera ya fi tudu, don haka ruwansa ke gangarowa cikin Ruhondo, kuma a tsakaninsu aka gina tashar wutar lantarki ta Ntaruka. Gonaki ne suka kewaye su, an yanka tuddai hawa-hawa kamar matakala don kada ruwan sama ya wanke ƙasa.

Daga Musanze titin ya haura sama da mita 2,000 a yankin Nyabihu, inda sanyi da ƙasa mai albarka suka sa dankalin turawa ya karɓi wurin. Daga nan sai doguwar gangara zuwa Rubavu, a bakin Tafkin Kivu. Tsakanin garuruwan biyu kimanin kilomita 60 ne.

Kivu shi ne tafki mafi girma a ƙasar, kuma Ruwanda da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ne suka raba shi. Yana kan tsayin kimanin mita 1,460 daga teku, zurfinsa ya kai kusan mita 480. A can ƙasansa akwai tarin iskar gas da ake zuƙowa a yankin Karongi ana samar da lantarki da ita. Da almuru masunta kan fita a jiragen katako da aka haɗa uku-uku, suna waƙa suna tuƙi, su kwana da fitilu suna kamun ƙananan kifayen da ake kira sambaza.

Daga Rubavu zuwa kudu hanya biyu ce. Akwai titin kwalta da ya bi ta Karongi zuwa Rusizi, kwana bayan kwana, yana ɓoye tafkin yana sake fito da shi. Akwai kuma Congo Nile Trail, hanyar da aka buɗe a 2011, mai tsawon kilomita 227, akasarinta burji da turba. Mai ƙafa kan gama ta a kwana 10, mai keke a kamar kwana biyar. Ta samo sunanta ne daga jerin tsaunukan da suka raba ruwan yankin biyu: wanda ya zubo ta yamma ya nufi Kogin Kwango, wanda ya zubo ta gabas ya nufi Nilu.

A ƙarshen kudu kuma akwai dajin Nyungwe, wanda UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 2023, da gonakin shayi na Gisakura a gefensa. Babu mai musun cewa wuri ne mai kyau. Tambayar ita ce, kyawun na amfanin wane ne?

Masu hanya na asali

A harshen Kinyarwanda, ana kiran masu acaɓa da keke abanyonzi. Suna sanya riguna masu lamba, suna da ƙungiyoyinsu, kuma sukan ɗaura kushin a kan kariya don fasinja ya zauna. Inda mota ba ta shiga, ko inda kuɗin babur ya fi ƙarfin talaka, su ne mafita. Su ke fito da amfanin gona daga ƙauye zuwa kasuwa, su kai madara wurin tattarawa, su kai mai ciki asibiti.

Wannan wahalar ce ta zama makarantar tsere. Wanda ya saba tura buhunan dankali a tudu mai mita 2,000, inda iska ba ta isar huhu sosai, ya riga ya samu horon da wasu ke biyan kuɗi su zo nema.

Gasar Tour du Rwanda ta fara tun 1988, amma kisan ƙare dangin da aka yi wa 'yan Tutsi a 1994 ya durƙusar da komai a ƙasar, har da wasanni. A 2005 wani Ba'amurke mai ƙera kekuna, Tom Ritchey, ya ziyarci ƙasar. Abin da ya fara ɗaukar hankalinsa ba 'yan wasa ba ne, manoma ne da ke jigila a kan kekunan katako. Daga nan aka ƙero keken dako mai doguwar kariya don manoman kofi, sannan a 2007 aka kafa tawagar tseren keke ta ƙasa.

Daga cikin waɗanda suka shiga tawagar akwai Gasore Hategeka, wanda da dakon dankali ya tara kuɗin keken farko, ya yi acaɓa da shi kafin a gano shi. Akwai kuma Adrien Niyonshuti, wanda ya rasa 'yan'uwansa maza shida a kisan 1994, ya zo ya riƙe tutar ƙasarsa a gasar Olamfik ta Landan a 2012.

A 2009 Tour du Rwanda ta shiga jerin gasannin da hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta amince da su. Daga 2014 zuwa 2018 'yan gida ne suka riƙa lashe ta a jere: Valens Ndayisenga sau biyu, sai Jean Bosco Nsengimana, da Joseph Areruya, da Samuel Mugisha. Dubban mutane kan yi dafifi a bakin titi, har kan rufin gidaje. Ba kallon baƙon abu suke yi ba. Kusan kowa a cikinsu ya san abin da tudun nan ke yi wa gwiwa.

Abin da gasar Kigali ta fito da shi fili

Daga 21 zuwa 28 ga Satumban 2025 Kigali ta karɓi gasar tseren keke ta duniya, karo na farko da aka yi ta a nahiyar Afirka. Abin alfahari ne, kuma an shirya ta yadda ya kamata.

Tseren maza ya kai kilomita 267.5, hawan da ke cikinsa idan aka tara ya zarce mita 5,400. An bi ta Tsaunin Kigali, an bi ta wani gajeren tudu mai daɓen duwatsu da mutanen gari ke kira Kwa Mutwe. Tadej Pogačar na Sulobeniya ne ya yi nasara, Remco Evenepoel na Beljiyam ya zo na biyu. A tseren mata kuma Magdeleine Vallières ta Kanada ce ta ɗauki kambun.

Sai dai a cikin sama da mutum 160 da suka fara tseren maza, 30 kacal suka kai ƙarshe. Ɗan Afirka ɗaya ne a cikinsu, Amanuel Ghebreigzabhier na Eritiriya. Masu masauki ba su ga ko ɗaya daga cikin nasu ya tsallaka layi ba.

Wannan ba abin mamaki ba ne ga mai bin al'amarin. Tun da aka ɗaga darajar Tour du Rwanda a 2019, manyan ƙungiyoyin waje suka fara shigowa, daga shekarar zuwa 2025 babu ɗan Ruwanda da ya sake lashe ta. Sau huɗu 'yan Eritiriya suka ɗauka a wannan tsakani, sauran kuma 'yan Sifaniya da Birtaniya da Faransa.

Ba ƙarfin ƙafa 'yan Ruwanda suka rasa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya ne. Yaron Beljiyam kan fara tsere tun yana ƙarami, a ƙungiyar garinsu, kusan kowane mako. Yaron Nyabihu kuwa sau da yawa sai ya girma yana dako kafin wani ya lura da shi, kuma keken tsere ɗaya ya fi abin da zai tara a shekaru. Akwai cibiyar horaswa a Musanze tun 2014, amma cibiya ɗaya ba ta maye gurbin ƙananan gasanni a kowace gunduma. Eritiriya ba ta fi Ruwanda kuɗi ba, amma tsere ya zama al'adar mako-mako a Asmara. Daga can Biniam Girmay ya fito, wanda ya ci zango uku a Tour de France ta 2024.

Idan ana son a ga ɗan ƙasa a sahun gaba, to daga tashar abanyonzi za a fara, ba daga ɗakin taro ba.

Gangara ce ke kisa

Abin da baƙo ke kira daɗin hanya shi ne haɗarin mai dako. Baƙo na son doguwar gangara mai kwana-kwana saboda birkinsa na zamani ne kuma babu kaya a bayansa. Mai buhuna uku a kariya kuwa, da birkin roba da ya cinye, idan keken ya ƙwace masa babu mai tsayar da shi sai abin da ya tarar a gaba.

A hawa ma akwai nasa haɗarin. Sanannen abu ne a titunan Ruwanda a ga masu keke sun kama bayan babbar mota tana jan su zuwa saman tudu. 'Yan sanda sun sha gargaɗi a kan haka. Amma gargaɗi kaɗai bai isa ba ga wanda ke lissafin sawu nawa zai yi kafin kasuwa ta tashi.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara. Fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Kuma idan aka kwatanta da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowace nahiya asara.

A yi wa Ruwanda adalci, ba ta naɗe hannu ba. Ta kafa kyamarorin kama masu gudun wuce sa'a, kuma tun 2019 'yan sanda ke gangamin wayar da kai mai suna Gerayo Amahoro, wato a isa lafiya. Tun 2016 kuma Kigali ke ware wasu ranakun Lahadi tana rufe manyan tituna ga motoci don jama'a su motsa jiki.

Amma rufe titin birni na 'yan sa'o'i ranar hutu na amfanin ma'aikacin ofis ne. Mai dako ranar Talata yake kan hanya, a ƙauye, tsakanin tirela da rami. Abin da yake buƙata a bayyane yake: gefen titi mai faɗi da kwalta a wuraren hawa, don kada ya yi gogayya da manyan motoci, wuraren tsayawa a tsakiyar dogayen gangara, da saukaka harajin birki da taya da fitila masu inganci. Haka kuma kekunan dako masu giya, irin waɗanda aka taɓa ƙera wa manoman kofi, su zama abin da ƙungiyoyin abanyonzi za su iya saye a biya sannu a hankali.

Za a ce faɗaɗa titi a jikin tsauni na cin kuɗi, kuma ƙasar yankin ba ta da tabbas. Gaskiya ne. Ambaliya da zaftarewar ƙasa a watan Mayun 2023 sun hallaka sama da mutum 130 a yammaci da arewacin ƙasar, sun kuma lalata hanyoyi. To amma ƙasar da ta iya gyara tituna don bikin kwana takwas, za ta iya ware wani abu don mutanen da ke kan titi kwana 365. Ba dole sai an faɗaɗa ko'ina ba. A fara da wuraren da 'yan sanda da asibitoci suka san an fi kwaso gawa.

Ina kuɗin baƙo ke tsayawa?

Hujjar da aka fi kawowa ita ce baƙi na kawo kuɗin waje, kuma kuɗin na isa ga kowa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Hasali ma, mai yawon keke ya fi wasu baƙi amfani ga ƙauye. Wanda ya zo kallon goggon biri a tsaunukan Virunga dala 1,500 yake biya na izini, mota ta ɗauko shi daga otal ta mayar da shi. Mai keke kuwa a hankali yake tafiya. Yana jin yunwa a ƙauye, tayarsa na fashewa a ƙauye, dare na yi masa a ƙauye. Dole ya sayi ayaba, ya nemi mai faci, ya kama ɗaki.

Sai dai wannan amfani ba ya zuwa da kansa. Idan kamfanin da ya shirya tafiyar daga waje yake, ya zo da kekunansa da abincinsa da bakanikensa, ya kwana a babban otal, to abin da ƙauye zai samu shi ne ƙura da ɗaga hannu. Sai ya zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Gyaran ba mai wuya ba ne. Babu wanda ya kai abanyonzi sanin kowace kwana da kowane rami, don haka su ya kamata a horar su zama 'yan rakiya, a koya musu harshe da taimakon gaggawa. A koya wa masu faci na bakin hanya gyaran keken zamani. A haɗa masu shirya tafiye-tafiye da ƙananan masaukai da wuraren wankin kofi na manoma da ke bakin tafkin, irin na Kinunu. Gwamnati ce ke ba da lasisin wannan sana'a, tana da ikon sanya waɗannan cikin sharuɗɗa.

Akwai kuma batun mutunci. Hanyar da ta ratsa Karongi tana wucewa ne ƙasan tuddan Bisesero, inda dubban 'yan Tutsi suka kare kansu da duwatsu da masu a 1994 kafin a hallaka mafi yawansu. Wanda ke wucewa ta nan da kyamara a kan hula ya kamata ya san ba filin wasa yake ratsawa ba.

Tsallaken tafki

Ba zai yiwu a yi maganar hanyoyin bakin Kivu a tsallake yaƙin da ke ɗaya gefen ba. Rubavu, inda hanyar ta fara, manne take da birnin Goma na Kwango. Rusizi, inda ta ƙare, tana kallon Bukavu. A watan Janairun 2025 'yan tawayen M23 suka kama Goma, a Fabrairu suka shiga Bukavu.

Ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya sun zargi Ruwanda da mara wa M23 baya. Gwamnatin Shugaba Paul Kagame ta sha musanta zargin, tana cewa matakan kare iyakarta take ɗauka. Majalisar Dokokin Tarayyar Turai ta nemi a soke gasar duniya idan Ruwanda ba ta sauya hali ba, masu kare haƙƙin ɗan'adam kuma suka ce ana amfani da wasanni ne don wanke suna. UCI ba ta janye ba. A watan Yuni ƙasashen biyu suka sanya hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya a Washington.

Ko wane ɓangare mutum ya gaskata, abu ɗaya bai canza ba. Idan rikici ya tashi, baƙo soke tikiti kawai zai yi ya nufi wata ƙasa. Wanda ke shan wahala shi ne ƙaramin ɗan kasuwar da ke tsallaka iyaka kullum da tumatir da kabeji, da mai keken da ke kawo masa kayan daga gona. Kwalta komai kyanta ba ta maye gurbin zaman lafiya.

Ruwanda ta yi abin da ƙasashe da yawa suka kasa. Ta ɗauki tuddan da ake ganin su ne cikas ta mayar da su abin da duniya ke zuwa gani, ta kuma nuna cewa keke ba alamar talauci ba ne. Wannan yabo ne da ta cancanta.

Abin da ya rage mata shi ne biyan bashin da ke kanta. Gobe da asuba, kafin baƙo ya tashi daga barci, wani saurayi a Nyabihu zai ɗaure buhuna a kariya ya fuskanci gangarar Rubavu. Ranar da aka ba shi gefen titinsa, da birkin da zai riƙe shi, da ƙofar shiga gasa idan yana da baiwa, ranar ce ƙasar za ta iya cewa tana da hanyoyin keke.